Furen da Aka Jiƙa a Ruwan Sikari

Sallama gare ku, ku masu karanta ni a waya, wata a kicin tana jiran ruwa ya tafasa, wata a ofis tana yi wa oga fuskar mai aiki. Labarin ranar Asabar zan ba ku, kuma ku yafe ni in kun ji harshena ya yi kaifi. A rubuce kaɗai nake da baki. A fili kuwa, ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na gyara murya sau biyu kafin amsa ta fito, shi ya sa tun ina firamare mutanen gidanmu suke kirana Shiru.

Wadda yau ta fara shigowa, ga inda aka kwana. Shekarata ashirin da shida. Ilimin tsirrai na karanta a jami'a, shekara biyu ke nan da gamawa, aiki bai samu ba, ina zaune gaban iyayena. Wata huɗu da suka wuce Gwaggo, ƙanwar Baba, ta jajibo mini wani maƙwabcinta da kowa yake kira Manaja. Har yau ban san manajan mene ne ba. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ina ruwanki da sunan ma'aikata? Ba ki ga motar ba?"

Na ga motar. Na kuma ga mai motar, matsalar ke nan.

Baba ba mai tilasta wa 'ya'ya ba ne, kada ku ɗau alhakinsa. Ranar Litinin ya kira ni ɗakinsa, ya sauke jarida a cinya ya ce, "Mutumin nan yana so ya turo manyansa. Na ce a ba ni zuwa Asabar. In kina da magana, ƙofata a buɗe take. In ban ji komai ba, zan ɗauka babu komai."

Na ce, "To, Baba."

To ɗin nan ita ce cutata. Kwana huɗu ina zuwa bakin ƙofar nan tasa da maganata a shirye, na wanke ta na goge ta tsaf. Da na ji ƙarar buɗe shafin jarida sai ƙafata ta juya da kanta, in tsinci kaina a ɗakin ajiya.

Ɗakin ajiyar nan shi ne ofishina. Yana bayan kicin, tsawonsa bai wuce mutum ya kwanta ya miƙe ƙafa ba. Rabinsa tsofaffin akwatunan Mama ne da fankar da ta mutu tun ina sakandare, rabi kuma nawa. A nan nake busar da furanni. Kafinta ya yanka mini katako biyu ya huda kusurwoyinsu huɗu ya sa ƙusoshi masu noti, shi ne madannina. Fure ba a tsinka shi da sassafe, sai hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe. In na kawo shi sai in kifa shi a kan takarda mai shan ruwa, in baje kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya da matsefata, in rufe da wata takardar, in ɗora kwali, in ɗaure noti. Satin farko duk bayan kwana biyu sai na canja takarda, in ba haka ba fumfuna ta cinye shi ya koma baƙi kamar tsohon ganyen shayi. Sati uku cur, sannan ya fito sakayau, launinsa yana nan, numfashi mai ƙarfi ma sai ya kwashe shi. Duk sana'ar magana ɗaya ce, a raba fure da ruwa. Ruwa shi ne abokin gaba.

Mama shara take ce musu. "Digiri guda," in ji ta, "an ƙare a tsintar ciyawa. Akuya ma in ta tsinka ci take yi." Saboda bakin nan nata na ɓoye mata cewa shekara guda ke nan ina jera furannin a firam mai gilashi ina kai wa wata Anti mai shagon kayan kyauta a can bakin babban titi. Ba na sa suna, ba na sa lambar waya. A gida an san dai ina zuwa laburare duk ranar Laraba da babbar jaka.

Shi kuma Manaja, ga irin hirarmu a waya, kullum ta Allah:

"Gimbiyata, kin tashi lafiya? Na yi mafarkinki kina tafiya a cikin lambu."

"Lafiya lau."

"Kin ci abinci?"

"Eh."

"Me kika ci?"

"Abinci."

"Hhhh, wallahi kin iya barkwanci."

Wata huɗu, bai taɓa tambayata abin da na karanta ba. In ya zo zance shi ne mai tambaya, shi ne mai amsa. Zai ce, "Kin san me ya sa mutane suke girmama ni?" kafin in buɗe baki ya faɗa. Ya taɓa gaya mini abin da ya fi burge shi da ni shi ne ba ni da surutu, wai gida yana bukatar murya ɗaya.

Amma ranar Juma'a da yamma, ina tsaye a bakin ƙofar Baba karo na biyar, hannuna har ya ɗaga zai ƙwanƙwasa, sai waya ta yi motsi, saƙon Manaja ne.

"Gwaggo ta gaya mini kina son busar da furanni. Ni ma abin yana jinina tun ina yaro. Ina haɗa miki wani abu da hannuna. Sati uku ke nan ban huta ba. Gobe za ki gani."

Sati uku. Da sati ɗaya ya ce, ko kwana uku, da na yi tsaki na ƙwanƙwasa ƙofar. Amma sati uku daidai ne, wanda bai taɓa yi ba ina zai sani? Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku yi mini dariya, jikina ya yi sanyi. Na ce a raina, ke Shiru, wataƙila raini ne ya rufe miki ido. Wataƙila a bayan turaren nan da surutun nan akwai mutumin da yake zama shi kaɗai yana canja takarda duk bayan kwana biyu. Na sauke hannuna, na koma ɗaki.

Asabar tun safe Mama ta tayar da gidan. An cire ledar da take rufe kujerun falo, an fito da kofunan gilashi masu bakin zinari waɗanda tun da aka haife ni sau uku na ga an sha ruwa da su. Ta zaɓo mini doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, wadda take cizon fata kamar ƙaya, da mayafi mai santsi da ba ya zama a ka.

"Mama, ruwan tokar nan tawa fa ta fi..."

"Ta fi me? Zaman makoki za ki? Ɗaga kai in gani. Kuma ki wanke farcen nan, duk gam."

Ƙarfe huɗu saura turarensa ya yi sallama, sannan shi ya biyo baya. Kwat ruwan madara a cikin zafin nan, agogo kamar murfin gwangwani, takalmi mai tsini wanda yake riga shi shiga ɗaki da taku guda. Gwaggo tana bayansa, ta rungumo wani abu mai faɗi a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, tana tafiya a hankali kamar ta ɗauko jariri.

Wani saurayin in ya ga iyayen yarinya ƙasa yake nema ya zauna, muryarsa ta shige ciki. Ban da Manaja. Ya gaida Baba, ya zauna a kujerar da take kallon tasa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya jera wayoyinsa biyu a hannun kujera, ya fara yi wa Baba bayanin abin da yake damun tattalin arzikin duniya. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da wannan darasin, ya riƙa cewa "Haka ne" yana kallon silin.

Na kawo lemo da biskit na ajiye, na raɓe a ƙarshen doguwar kujera kusa da Mama.

"To," in ji Gwaggo, ta kasa haƙuri, "a bar siyasa haka. Yaya, yau za ka ga abin mamaki. Yaron nan ya ce mini kada a buɗe sai a gabanku. Shiru, matso ki karɓa da hannu biyu."

Na karɓa. Na ɓare takardar a hankali, don har a lokacin ina fata.

Firam ne baƙi, tsawon kamu biyu. A ciki, kan farin kati, ƙananan furanni shuɗaye guda bakwai sun tashi daga ƙasa sun karkata dama kamar iska ta taɓa su, da siraran ganyaye masu kama da gashin tsuntsu a gindinsu.

Na san shi kafin takardar ta gama sauka. Uwa ba ta ɓatan ɗanta a kasuwa. Furannin nan a jikin katangar asibitin unguwarmu na tsinke su, mai gadi yana kallona kamar mai taɓin hankali. Na uku daga hagu kunnensa ɗaya ya yage a matsefata, na ciro wani daga furen da ya fi shi haske na dasa masa da tsinken sakace da ɗigon gam. Ga dashen nan yana kallona, ɗan fari-fari a cikin 'yan uwansa. Ranar Larabar makon jiya na kai wa Anti shi.

"Masha Allah!" in ji Mama, ta dafa ƙirji. "Kai ka yi wannan? Da hannunka?"

"Da waɗannan, Mama." Ya ɗaga tafukansa ya juya su, zobe yana walƙiya.

"Ikon Allah. Ke kin gani? Ga yadda ake yi. Ba irin sharar da kike tara mana a bayan kicin ba."

Ku ji fa. Abin da ya fito daga bayan kicin ɗin ne a hannuna, uwata tana yi mini gori da shi.

Baba ya miƙo hannu, na ba shi. Ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa. "Aiki ne mai kyau," ya ce. "Yaya ake yin sa?"

Manaja ya sauke ƙafa ya gyara zama, irin zaman mai shirin ba da lacca.

"Ai Baba sirri ne, amma tunda gida ne zan faɗa. Da farko da asuba ake tsinko su, da raɓarsu, lokacin suna da ƙarfi. Sai a sami roba mai faɗi a dama ruwan sikari, mai kauri sosai, a jiƙa su a ciki."

"A jiƙa?" in ji Baba.

"Sati biyu suna ciki. Sikarin ne yake riƙe launin. Sati na uku a tsame, a shanya a rana, a bi da dutsen guga."

"Oh!" in ji Gwaggo. "Shi ya sa suke ƙyalli. Ke Shiru kina sa sikari kuwa?"

Na girgiza kai.

"Kin ji inda kike kuskure."

Wallahi da za a jiƙa furen nan a ruwan sikari, kwana biyu ya isa ya zama kunun tururuwa. Na dube shi yana kurɓar lemo da ɗan yatsa a ɗage, ko gezau, ko ƙifta ido. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan minti ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, daren jiya har na ƙaga masa wani hali mai kyau na ba shi aro.

Na ce zan ƙaro ruwan sanyi. A kicin na jingina da firij na rubuta wa Anti.

"Anti ina wuni. Mai shuɗin nan guda bakwai yana nan?"

Nan take ta amsa. "An saya shekaranjiya, 'yata. Wani mai turare kamar ya faɗa kwalba. Ya sa na ɓare takardar shago daga baya."

"Ya tambaye ki yadda ake yi?"

"Ya ishe ni da tambaya, yana rubutawa a waya. Na ce masa mai yi ta ce sati uku take ɗauka. Ya ce to a sati ukun me ake yi? Ni ina na sani? Ga mutane suna jira. Na ce masa a ruwan sikari ake jiƙawa."

Sai ga wani saƙon ya biyo. "Ba haka ba ne?"

Na toshe baki da mayafi na yi dariya har hawaye ya ɓata kwallin da Mama ta sa mini. Da dariyar ta lafa sai wani daɗi ya sauko mini, don na ga mafita. Ba sai na ce ba na son sa ba. Ba sai na tsaya gaban Baba ina haɗa kalmomi ba. Firam ɗin zai yi mini magana. Ni kati ba ya isata, saboda haka bayan kowane firam da tsofaffin takardun kundin digirina nake cike shi, waɗanda malamina ya yi wa ado da jan biro. Na ɗauki ƙaramar wuƙa, na manta da ruwan sanyin, na koma falo.

"Ina ruwan?" in ji Mama. "Wuƙar me ce wannan?"

Na durƙusa gaban tebur, na kifa firam ɗin, na ɗaga ƙananan ƙarafunan baya guda huɗu da bakin wuƙar.

"Gimbiya, a hankali," in ji Manaja, muryarsa ta ɗan sirance. "Iska tana ɓata shi. Ba a buɗewa."

Na cire kwalin. Takarda uku a ninke. Na warware ta sama na miƙa wa Baba da hannu biyu, kaina a ƙasa.

Baba ya karanta a fili, a hankali, yadda yake karanta takardar jarrabawa. "Babi na biyu. Yadda saiwa take jan ruwa a ƙasa mai yashi." Ya tsaya. "Ga sunanki a sama. Ga kuma jan biro, an ce ki sake wannan shafin gaba ɗaya." Ya dubi Manaja ta saman tabarau. "Tare kuka yi jami'a?"

Ƙasa nake kallo, amma ina ganin takalmin nan mai tsini ya ja baya ya shige ƙarƙashin kujera. Na ce a raina, shi ke nan, an gama, Allah na gode maka.

Sai na ji ya yi dariya. Dariya sosai, har da buga cinya.

"Allahu akbar! Baba, ka ga ikon Allah? Mama, kin gani? To bari in faɗi gaskiya. Nawa da na yi, sikarin ya yi yawa, ya lalace a daren Laraba. Na ce ba zan zo wa gimbiya hannu rabbana ba. Na shiga shago, kaya sun fi ɗari a jere, zuciyata ta tsallake duka ta faɗa kan wannan. Ban san nata ba ne! A cikin ɗari! In wannan ba alama ba ce, mece ce alama?"

Na ɗago kai don in ga yadda za su kore shi.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Jini ya haɗu tun kafin a haɗa! Tsigar jikina har ta tashi, ku duba."

"Kai, amma ka iya zaɓe," in ji Mama, tana dariya tana share ido. "Namiji ya shiga shago don ke, ya tsaya ya zaɓa, har ya ji kunyar cewa saya ya yi. Wani ko tsinke ba zai kawo ba."

"Ƙaryar so ai ba ƙarya ba ce," in ji Gwaggo. "Mijina, Allah ya ji ƙansa, shekara biyu yana ce mini shagon da yake tsaro nasa ne."

Nan Mama ta daina dariya, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Tsaya ma tukuna. Shago? Wane shago? Ke yaushe kika fara kai kaya shago ban sani ba?"

"Mama, dama..."

"Laburaren ke nan? Duk Laraba, da jaka kamar mai gudun hijira? Ni kike yi wa ƙarya a cikin gidana?"

Kun ga yadda reshe ya juye da mujiya. Mutum ya zauna a falonmu ya jiƙa fure a ruwan sikari sati biyu a gaban ubana, ya fito da lambar yabo. Ni da na yi aikin, ni ce maƙaryaciya, ina durƙushe da wuƙa a hannu.

"A yi mata haƙuri, Mama," in ji Manaja, ya dawo da ƙafarsa kan ɗaya. "Ƙuruciya ce. In ta zo gidana ba ta bukatar kai kaya ko'ina. Zan sa a share mata wani lungu ta riƙa wasanta, in ta gama aikin gida."

Wasanta. Ya miƙe yana gyara kwat, ya ce yana da taro ƙarfe biyar, kullum yana da taro. Ya yi wa Baba sallama da cewa sai ya ji kira, ya ɗan rusuna wa Mama, ya rage murya ya ce mini, "Kin ga har kin sa na yi gumi, 'yar duniya." Ya fita. Gwaggo ta raka shi bakin ƙofa ta dawo tana taku ɗai-ɗai.

"To Yaya," ta ce tun kafin ta zauna, "sai a sa musu rana su turo. Asabar ɗin ce yau, yarinya ba ta ce komai ba."

"Me za ta ce?" in ji Mama. "Ta sami mai haƙuri da halinta."

Ina nan durƙushe. Furannina bakwai suna kife a kan tebur, bayansu a buɗe. Na mayar da takardun, na mayar da kwalin, na danne ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci. A nan na gane wautata. Na ɗauka in na kawo hujja wani zai karanta ta ya faɗi abin da yake bakina. An karanta, an yi tafi, an wuce.

Baba ya gyara zama. Ya ninke tabarau ya sa a aljihu.

"Wannan na ukun," ya ce, "kunnensa ɗaya ya fi sauran haske. Kuskure ne?"

Na ɗago. Ni yake tambaya.

"Yagewa ya yi, Baba. Na dasa masa wani."

"Da me?"

"Da tsinken sakace."

Ya gyaɗa kai. "Na ga kin iya gyara abin da ya yage. Kin kuma iya buɗe bayan firam a gaban baƙo. Amma ni ba firam na tambaya ba ranar Litinin. Ke na tambaya."

"Yaya, kunya ce irin ta 'yan mata, ai shirun..."

"Ban tambaye ki ba, ke ma."

Gwaggo ta rufe baki. Mama ta ƙura mini ido, irin kallon da yake cewa ki kuskura. Duwatsun wuyan rigar nan suna cizona, mayafin ya zame ya faɗi a kafaɗa. Na gyara murya sau ɗaya. Na gyara sau biyu.

"Ba na so."

"Me ta ce?" in ji Mama.

"Ban ji ba ni ma," in ji Baba, alhali ya ji sarai. "Kunnena ya tsufa."

"Ba na son sa, Baba. Ba don furen ba. Tun kafin furen. Wata huɗu bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba, kuma ya ce abin da yake so ke nan. Ba zan iya zama da shi ba."

Ban san muryata tana da wannan tsawon ba. Gwaggo ta saki salati ta zube a kujera. Mama ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. "Ni za ki kunyata? Bayan na fito da kofuna?"

"An ji," in ji Baba. "Magana ta ƙare, ba za a turo kowa ba. Sai dai abu ɗaya. Ni ba zan kira shi ba, Gwaggonki ma ba za ta kai saƙo ba, kuma ban yarda a rubuta a waya ba. Wata huɗu mutum yana zuwa gidan nan, haƙƙinsa ne ya ji daga bakin mai shi."

"Baba, ni? Yaushe?"

Kafin ya amsa aka taɓa ƙofar falo, turaren nan ya sake cika ɗakin.

"Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ƙaramar wayata na manta a kan kujera." Manaja ya leƙo da murmushinsa har kunne, ya dubi Gwaggo a zube, ya dubi Mama, ya dube ni. "Lafiya dai? Ko har an sa ranar ne?"

Baba ya ɗauki jaridarsa ya buɗe, ya ɓoye fuskarsa a bayanta.

"Shigo ka zauna," ya ce. "Yarinyar nan tana da magana. Kuma wannan karon ka bari ta kai ƙarshe."